Maƙalin waya da ɗan Bluetooth na mota: wanne ya yi, wanne bai yi ba, da maganar da masu shago suke faɗa wa direbobi

Jama'a assalamu alaikum. Kayan nan da suka cika kasuwar waya yanzu, wato maƙalin da ake ɗora waya a cikin mota da kuma ɗan Bluetooth ɗin nan da ake sokawa a ramin laitar sigari, su nake so mu tattauna a kai, domin kala uku na saya kuma zafi ya wuce a kansu, damina ta wuce, hunturu ma ya zo ya tafi, to ina ganin yanzu ina da bakin magana. Tun daga farko in faɗa muku, ɗaya na ji daɗinsa sosai, ɗaya kuɗi ne kawai aka zubar, na ukun kuma yana aikinsa daidai gwargwado amma ana haɗa shi da wata magana wajen sayarwa wadda sam ba gaskiya ba ce, kuma wallahi wannan maganar ta fi kayan kansu damuna.

Motata tsohuwar Corolla ce, irin wadda rediyonta daga CD sai FM, ba ta san wani abu wai shi Bluetooth ba. Harkata tana yawan kai ni Zariya da Kaduna, wani lokacin har Abuja. Cikin Kano kam ba na buƙatar taswira, daga Na'ibawa zuwa Kabuga ko Hotoro ba sai an nuna min ba, amma Abuja wani gari ne da in ka wuce kwanarka sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka samu wajen juyowa, shi ya sa nake son Google Maps a gabana, kuma ba na so wayar ta kasance a hannu ko a kan cinya yadda mutane da yawa suke yi, ka ga mutum yana tuƙi kansa a sunkuye kamar mai neman wani abu da ya faɗi.

Na farko shi ne mai mannewa a gilashin gaba, mai ƴar roba zagayayya da ake dannawa ta tsotse iska, da dogon wuya mai lanƙwasuwa. Shi ne mafi araha kuma shi aka fi gani a motoci. Wanda na samu ba shi da ma sunan kamfani na kirki a kwalinsa. Da safe yana riƙewa lafiya lau, amma bari rana ta take, musamman watan Afrilu da zafin Kano yake haura digiri 40, robar sai ta yi laushi ta saki, wayar da maƙalin duka su zubo kan giya ko ƙasan ƙafar fasinja. Lokacin hunturu kuma ƙura ce take shiga tsakanin robar da gilashi, sai ka goge ka jiƙa ta da ruwa kafin ta yarda ta kama. Dogon wuyan nan kuma a kan gargada rawa yake yi ba ƙaƙƙautawa, rubutun taswira ba ya karantuwa. Sannan wayar tana zaune ne tsirara cikin rana a bayan gilashi, ga caji ga taswira ga data duk a kunne, sai ta yi zafin da za ta rage hasken fuskarta da kanta ko ta daina caji. Kamfanin Apple ma da kansa ya ce wayarsa an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, to ina ga gilashin mota a Kwanar Ɗangora da azahar. Abin da ya fi muni shi ne abu ne da zai iya faɗowa kana cikin gudu, kuma duk ɗan Adam in abu ya faɗi hannunsa zai so ya bi shi. Wannan kam ban ba kowa shawarar ya saya ba.

Na biyu shi ne mai maganaɗisu da ake maƙalawa a bakin esi. Ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba, bayansa akwai ƙugiya da take shiga tsakanin fiffiken ramin iska, sai ka murɗa wani zobe ta matse. Yana zuwa da ƴan faifan ƙarfe sirara guda biyu, zagayayye da mai kusurwa huɗu, ka liƙa ɗaya a bayan waya ko ka saka tsakanin waya da kondom ɗinta, wato rigar waya. Da ka kusanto da wayar sai ka ji ƙas, ta zauna. Kuɗinsa ya kusa ninka na mai robar amma ya cancanta. Na bi da shi hanyar da ake gyara, inda ake sauke motoci daga kwalta a bi ta gefe cikin ramuka da tsakuwa, wayar ko motsi ba ta yi ba. Kuma da yake iskar esi tana bugun bayanta, zafin nan da nake fama da shi ya tafi gaba ɗaya. Tsayinsa ma ya yi min, yana dab da sitiyari ta hannun dama, ƙasa kaɗan da layin idona, bai tare min ko ɗan yanki na gilashi ba.

Amma akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya biya. Ya toshe min rabin ramin iska ɗaya, wanda yake zaune a baya zai ji bambanci in ana zafi. In fiffiken esin motarka ya tsufa ya yi sako-sako, nauyin waya zai rinƙa sunkuyar da shi ƙasa, musamman manyan wayoyin nan masu babban batir, don haka ku nemi mai ƙugiyar ƙarfe da take kama bayan fiffiken, kar ku ɗauki mai bakin roba da ake turawa kawai. Motocin da ramin iskarsu zagayayye ne kuma ba kowanne yake shiga ba, gara ka fita da shi wajen mota ka gwada a gaban mai shago. In kondom ɗin wayarka mai kauri ne irin na sojoji ɗin nan, maganaɗisun ba zai ratsa da ƙarfi ba sai ka liƙa ƙarfen a waje. Wanda kuma wayarsa take caji ba tare da igiya ba, faifan ƙarfen yana hana wannan cajin in ya hau daidai wajen, har ma ya yi zafi. Masu kai saƙo a babur da nake gani suna ɗaura waya a kan hannun mashin, su ma su sani tun 2021 Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar waya, mai maganaɗisu dai ba na babur ba ne ko kaɗan.

Sai na uku, ɗan Bluetooth ɗin laita. Yadda yake aiki shi ne wayarka tana haɗuwa da shi, shi kuma ya zama kamar ƙaramar tashar FM a cikin motarka, ka zaɓi lamba a kansa ka kamo lambar a rediyo, sai sautin waya ya fito ta sipikun mota. Yana da ramin caja biyu da wajen saka memori, da ɗan allo da yake nuna ƙarfin batirin mota in ka kunna, wannan ma wani amfani ne da ban zata ba, lafiyayyen batir za ka ga wajen 12 da ɗigo kafin ka tayar, in inji ya tashi ya haura kusan 14, in bai haura ba ka san lokacin zuwa wajen mai wayarin ya yi. Matsalarsa a cikin Kano ita ce neman lambar da babu kowa a kai, gari ne mai tashoshi da yawa, Dala tana 88.5, Arewa tana 93.1, Rahma 97.3, Freedom 99.5, ga wasu birjik a tsakani, in ka zaɓi lamba kusa da ɗaya daga ciki sai ka ji shuuu ko muryar mai gabatar da shiri tana kutsowa. Ni can ƙarshen sama na samu sarari, kusa da 108, kuma in na shiga Kaduna ko Abuja wani lokacin sai na sake nema, wanda kuma ba abin da za a yi ana tafiya ba ne, sai an tsaya.

Wajen sauraron karatun Alƙur'ani da tafsiri da muryar taswira, gaskiya ya biya ni. Doguwar hanya da daddare ko da sassafe ka saka karatu tun kafin ka tashi, ba ka sake taɓa komai ba, in kwana ta zo muryar taswira ta rage karatun ta faɗa maka ta koma. Akwai ɗan ƙugi siriri da yake bin totur in babu abin da yake kunne, kana taka mai yana ƙaruwa, amma da sauti ya fara ba ka jin sa. Wajen kira kuwa matsakaici ne. Na gwada shi mota a tsaye, na kuma gwada ranar da ƙanena ne yake tuƙi ni ina gefe, makirfon yana can ƙasa kusa da giya nesa da baki, wanda yake ɗaya ɓangaren yana cewa kamar daga cikin ɗaki nake magana shi yana waje, in gilashi a buɗe yake kuwa iska kawai yake ji.

To a nan maganar take. Ranar da na saya, yaron shagon, yaro ne mai fara'a mai son ciniki, ya ɗauko shi ya ce, "Alhaji ka haɗa da wannan, in kana da shi ko ƴan Rod Sefti sun gan ka kana waya ba ruwansu da kai, tunda hannunka biyu na kan sitiyari." Na ce, "Ƙanina wa ya gaya maka haka?" Ya ce, "Haba Alhaji ai kowa ya sani, riƙe waya ne laifi." Kuma na tabbata ba yaudara yake nufi ba, haka ya ji haka yake faɗa, haka direbobi da yawa suka ɗauka, har a tasha za ka ji ana faɗa.

Dokar Najeriya ba haka ta ce ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC ko Rod Sefti, ta shekarar 2007 ta lissafa yin kira ko amsa kira ana tuƙi cikin laifuka. Ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na 2012 kuma, a sashe na 166, sun hana direba yin kira ko amsa kira ta kowace irin siga muddin mota tana tafiya, kuma suka faɗaɗa abin ya haɗa da tura saƙo da karɓarsa da hotuna da shiga intanet. Ba a ce sai in waya tana hannu ba. Jami'an hukumar ma sun sha fitowa suna cewa iyafis da Bluetooth duk suna ciki. Tarar da aka sani a jadawalinsu ₦4,000 ce da maki 4 a kan lasisi, ninki biyu kenan na rashin ɗaura bel da yake ₦2,000, kuma ana biya ne ta banki a ba ka takarda. Makin nan taruwa yake yi har ya kai inda za a iya dakatar da lasisin mutum. Daga watan Yulin 2017 kuma, zamanin da Boboye Oyeyemi yake shugabancin hukumar, suka fara tura masu irin wannan laifin asibiti a duba lafiyar tunaninsu, tare da masu keta danja da masu bin hannun da ba nasu ba, kuma mai laifin ne zai biya kuɗin gwajin. Ban da su ga Karota a Kano ga Kastelea a Kaduna ga Lastma a Legas, kowace jiha da nata idon a titi.

Maganar taswira kuma an taɓa yin ce-ce-ku-ce a kanta a ƙarshen 2019, lokacin da aka ruwaito wani babban jami'in hukumar a Abuja yana cewa amfani da Google Maps ana tuƙi laifi ne, mutane suka yi ca, daga baya mai magana da yawun hukumar na lokacin, Bisi Kazeem, ya fito ya yi bayani cewa ba taswirar aka hana ba, abin da ake so direba ya saita ta tun kafin ya tashi ya bi murya, kar ya riƙe waya yana dannawa yana tafiya. To kun ga a nan ne maƙalin yake da gurbi na gaskiya. Ka saka inda za ka tun kana ƙofar gida, ka ɗora waya, ka kunna murya, shi kenan hannunka ya fita daga harkarta har ka isa. In hanya ta canza ko kana so ka sauya wuri, ka sauka gefe ka tsaya. Ni har taswirar Kano zuwa Abuja na sauke a waya saboda wuraren da sabis yake ɗaukewa, don kar ta tsaya cak a tsakiyar hanya ta ja hankalina.

Wasu za su ce to ai a Turai ana yarda da magana in ba a riƙe waya ba. E, a Ingila an yarda, sun hana riƙe waya tun Disamban 2003, a 2017 suka ninka hukuncin ya koma fam 200 da maki 6, wanda sabon direba da bai shekara biyu da lasisi ba wannan kaɗai ya isa a ƙwace lasisinsa, a 2022 kuma suka toshe sauran ƙofofin har ɗaukar hoto da neman waƙa. Duk da haka ɗan sanda yana da ikon tsayar da kai in ya ga magana ta ɗauke maka hankali ko da ba ka riƙe komai ba. Faransa kuma tun Yulin 2015 ta hana saka iyafis a kunne ana tuƙi gaba ɗaya. Ƴan uwanmu da suke tuƙi a Saudiyya su sun fi kowa sani, can galibi ba wanda zai tsayar da kai balle ka ba da haƙuri, kyamara ce za ta ɗauke ka da waya a hannu saƙon tara ya same ka, riyal 500 zuwa 900. Kowace ƙasa da yadda ta tsara tata, mu dai tamu ta ce ta kowace siga, kuma kwalin da aka bugo a wata ƙasa da hoton bature yana murmushi yana tuƙi ba shi ne zai tsaya maka a gefen titi ba.

Kuma ni ko da babu tara, abin da na gani da idona ya ishe ni. Wata rana motata tana wajen bakanike sai na hau ta haya daga Unguwa Uku zuwa Zariya, ina gidan gaba. Direban dattijo ne mai natsuwa, tuƙinsa ba garaje, iyafis ɗaya a kunnensa na hagu, wayar tana aljihun gaban riga. Mun wuce Kura kenan aka kira shi, ya danna ɗan maɓallin igiyar ya amsa, hannunsa biyu a kan sitiyari, idonsa a kan hanya, duk yadda yaron shagon nan yake so. Magana ce ta kuɗi, wani ya karɓi kuɗin balas bai kai wa mai mota ba. Ina kallonsa murya tana hawa, yana cewa "ni zai mayar ƙaramin mutum", hannun dama ya fara barin sitiyari yana nuni da shi kamar mutumin yana gabansa. Can gabanmu wata tirela ta fara rage gudu, fitilar birkinta ɗaya ce take kamawa amma tana ci jajir, ni na gan ta, matar da take bayana ta gan ta, shi da idonsa yake a buɗe a kanta bai gan ta ba. Sai da na daki dasbod na ce "Baba birki!" sannan ya taka, taya ta yi ƙara, kayan da ke but suka turo kujerar baya, salati ya kaure a motar, muka tsaya har ina iya karanta ƙananan rubutun da ke jikin lambar tirelar. Ya cire iyafis ɗin hannunsa yana rawa, ya ce, "Wallahi ɗana ban gan ta ba." Kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari, bai gan ta ba, hankalinsa yana can wajen wanda ya riƙe masa kuɗi.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take faɗa kenan, cewa direban da yake amfani da waya haɗarin ya yi karo ya kai kusan ninki 4 na wanda ba ya yi, kuma cire wayar daga hannu bai rage wani abin kirki ba, domin magana ce take cinye hankali, birki ya makara, mutum ya kasa tsayawa a layinsa, tazara tsakaninsa da na gaba ta ɓace masa. Mutane suna cewa to ai hira da fasinja ma magana ce. Bambancin shi ne fasinja yana ganin hanyar da kake gani, in ya ga tirela zai yi shiru ko ya yi maka ihu, wanda yake waya kuma bai san kana tsakanin tanka da ɗan adaidaita ba, ci gaba zai yi da tambayarka yana cewa "hello kana ji na kuwa". Lissafin ma mai sauƙi ne, a gudun kilomita 100 cikin awa, wanda shi ne iyakar ƙaramar mota ta gida a babbar hanya, kana cin kusan mita 28 duk sakan ɗaya. Sakan 4 na duba wa ya turo saƙo a WhatsApp ya kai mita 111, ka wuce tsawon filin ƙwallo kenan ba ka kalli gabanka ba, a hanyar da akuya da mai baro da yaro mai talla suke iya faɗowa ko ta ina.

Shi ya sa ma nake da ɗan tsoro game da maƙalin da na yaba. Waya ce a gabanka tana haske, duk saƙon da ya shigo yana leƙowa ta sama, kuma yanzu ta fi kusa da yatsanka fiye da lokacin da take aljihu. Na ga ɗan adaidaita a Zoo Road ya maƙala tasa yana kallon TikTok da fasinja a baya, na ga mai jibgegiyar mota a gosulon gadar Dangi yana kiran bidiyo, su a ganinsu tunda ba su riƙe ba an gama. Abin da ya taimake ni shi ne tsarin nan na kar a dame ni ina tuƙi, iPhone yana da shi tun 2017, wayoyin Android ma akwai irinsa a cikin saiti, in ka kunna saƙonni ba sa leƙowa, taswira kawai za ka gani. In babu shi, gara wayar ta koma aljihu da a ɗora ta a maƙali.

Abu mafi wuya a wajenmu kuma duk mun san shi, kiran manya. Hajiya ta kira, ko Baba, ko maigidanka a kasuwa, ko surukinka, ka ga sunan yana yawo a fuskar waya, zuciyarka ba za ta ba ka ka ƙyale ba, domin an tashe mu a kan cewa ƙin amsa kiran babba rashin tarbiyya ne, ga kuma tunanin kar dai wani abu ne ya faru a gida. Ni abin da na yi, na je na zauna na yi wa Hajiya bayani, na ce, "Hajiya in kin kira ban ɗauka ba to ina kan hanya ne, da na samu waje zan tsaya in kira ki." Ta ce, "Allah ya tsare, ai gara haka, kar ka kuskura ka ɗauka saboda ni." Uwargida kuma muka yi da ita in abin gaggawa ne ta kira sau biyu a jere, sai in nemi wuri in faka. Kuma fakawar ma da hankali, ba a kan kwana ba, ba a kan gada ba, ba a inda daji ya yi duhu ba musamman hanyar Kaduna da yamma, gara ka ƙarasa gidan mai ko cikin gari kamar Tashar Yari inda akwai jama'a. Direbobin haya da suke da yaron mota ko wani a gefe, miƙa masa wayar ya amsa ya fi komai sauƙi, fasinja ma ba laifi ba ne ka ce wa direba cikin ladabi, "Malam direba don Allah kawo in riƙe maka, ko ka bari sai mun tsaya," mafi yawansu in ka yi da girmamawa ba sa musu.

Ga masu shago kuma, ina roƙonku don Allah ku daina sayar da ɗan Bluetooth ɗin nan da sunan maganin ƴan Rod Sefti. Kayanku yana da amfaninsa da zai sayar da kansa, caja ce mai kyau, tana mayar da tsohon rediyo sabo, tana nuna lafiyar batir, ku faɗi wannan ya isa. Mutumin da kuka ce wa ba ruwan hukuma da shi zai fita ya saki jiki yana waya daga Kano har Kaduna da iyalinsa a baya, yana ganin doka ma ta yarda.

In za ku saya, mai maganaɗisu na bakin esi mai ƙugiyar ƙarfe shi zan sake saya in wannan ya lalace, ku gwada shi a motarku da wayarku kafin ku biya, ku ɗan girgiza ku gani ko fiffiken zai ɗauka. Mai robar gilashi ku bar musu. Ɗan Bluetooth ɗin kuma ku ce a soka muku shi a mota a tayar da inji, ku taka totur ku saurari ƙugin, ku saka caja ku ga ko wayar ta nuna tana caji da sauri, sannan ku duba ko laitar motarku tana ɗauke wuta in an zare mukulli, domin akwai motocin da ba ta ɗaukewa, in ka bar shi a soke mota ta kwana biyu a ajiye zai iya shanye maka batir.